Sun Laƙaba Mini "DJ" a Majalisa Saboda Lasifikun da Na Saya

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a Kaduna, shekarata 44, ina da mata ɗaya da yara huɗu. Tun ina ƙarami Allah ya ɗora mini son sauti mai kyau, don na taso na tarar da garmaho a ɗakin mahaifina. Bana na fasa asusun da na yi shekara uku ina tarawa, na sayi lasifika biyu 'yan Ingila, da amfilifaya (na'urar ƙara wa sauti ƙarfi) 'yar Japan, da na'urar juya faifai, duka na hannu. Kuɗin ya tasar ma naira miliyan uku, kuma ban ci bashin kowa ba. Tun ranar da na yi suɓutar baki na faɗi farashin a majalisarmu ban sake samun sakat ba. Wani ya ce da fili na saya a bayan gari. Wani ya ce hom tiyatarsa ta dubu ɗari da hamsin ta fi kayana ƙara. Wani kuma ya kira ni almubazzari, da wasa ya faɗa amma ta tsaya mini a rai. Yanzu "DJ" suke kirana. Na gayyaci biyu daga cikinsu gida na kunna musu, ɗaya ya saurara ya ce, "To ina bambancin?" Ga kuma wani dillali ya kawo mini wayoyin haɗi na dubu ɗari huɗu, ya ce sai da su kayan za su nuna kansu. Uwargida dai rabin kuɗin na faɗa mata. Malam, a taimaka mini da hujjojin da zan rufe musu baki.

Mai son sauti, daga Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanena.

Sau biyu na karanta wasiƙarka. Karatun farko dariya ya ba ni, don na san irin majalisar nan kamar yunwar cikina: tabarma ko benci bayan isha'i, butar shayi, da mutum guda da ba ya jin daɗin daren sai ya samu wanda zai sa a gaba. A karatu na biyu kuwa na tsaya ne a kan 'yar jimlar da ka saƙala can ƙarshe kamar ba komai ba, wadda ta shafi uwargida. Za mu zo kanta.

Hujjar da za ta rufe bakin majalisa dai ban da ita, kuma ban taɓa ganin mai ita ba. Abokanka ba hukunci suka zauna yankewa ba balle a ci su da shaida. Sun gano wurin da in an taɓa ka kake zabura, shi ya sa suke ta taɓawa. Duk daren da ka miƙe kana bayanin ƙarfe da katako da jijiyar wuya a tashe, ka ƙara wa sunan DJ wata guda ne a duniya. Abin da ya ƙara dagula maka lissafi shi ne ka yarda a yi shari'ar a filinsu. Su suna tambaya, "Ina ribar?" kai kuma kana ta fafutukar nuna cewa akwai riba. Babu. Sha'awa ce ka saya, kuma da ka faɗi haka tun daren farko da tuni an koma kan wani.

Dubi bencin da kyau. Zan yi mamaki in babu mai doki a cikinku ko a danginku, wanda yake sayen harawa da dawa da kanwa kullum ta Allah, ya biya mai kula da shi, don ya hau shi kwana biyu ko uku da salla. Akwai mai kiwon tattabaru da zai bi mota har wani gari saboda wata guda da aka ba shi labarin launinta. Akwai wanda ba ya fashin biyan kuɗin tauraron ɗan'adam duk wata saboda ƙwallon Turai, da mai canza waya duk shekara biyu, da wanda hulunansa kaɗai sun isa a buɗe shago. Ba wanda yake tambayarsu riba, don mun saba da waɗannan, mun san sunansu sha'awa. Taka ce baƙuwa a unguwa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kana iya tuna musu da wannan sau ɗaya, cikin raha, ka ce naka dokin ba ya cin harawa. Amma kada ka mayar da shi makami kana bin kowa da lissafin aljihunsa, don daga nan wasa yake komawa gaba.

Mai maganar fili kuwa ka ba shi gaskiyarsa ba tare da ja-in-ja ba. Fili yana tashi, kayan lantarki yawanci sauka suke yi. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023, duk abin da aka shigo da shi daga waje ya yi tsada, har mai tsohon kaya yakan ga kamar ya ci riba. Amma ranar da ka matsu ka fitar da lasifikun nan kasuwa za ka gane masu neman fili a Kaduna dubbai ne, masu neman irin kayanka kuwa ba su cika mota guda ba. Saboda haka kada bakinka ya kira su jari. Abin da za ka iya faɗa da gaskiya shi ne suna daɗewa. Akwai wata 'yar ƙaramar lasifika mai suna LS3/5A da injiniyoyin BBC suka tsara a tsakiyar shekarun 1970 don sauraron shirye-shirye a cikin motocin watsa labarai, inda wuri ya yi ƙunci. Har yau ana ƙera ta, kuma tsofaffinta suna aiki a ɗakunan mutane. Amfilifayar NAD 3020 ta fito a 1978, ga ta nan har yanzu ana gyarawa ana amfani da ita. In kayanka suka yi maka shekara goma kacal, miliyan ukun nan ta koma naira ɗari takwas da 'yan kai a rana. Kai ka san abin da ake kashewa a teburin mai shayi.

Sai mai hom tiyata. Shi ma bai yi ƙarya ba, mai yiwuwa tasa ta fi taka ƙara, sai dai ya auna abin da ba shi ka je saya ba. Lambobin nan da ake dannawa a jikin kwali da manyan baƙaƙe, wat dubu uku ko dubu biyar da haruffan PMPO a gefe, ado ne na 'yan kasuwa, babu wani ma'auni tsayayye a bayansu. Ƙarfin da ake dogara da shi shi ne wanda na'ura za ta iya riƙewa a ɗore ba tare da sauti ya dagule ba, kuma amfilifayar gida mai wat arba'in ko sittin na gaskiya ta ishi falo. Ko da an ninka wat sau biyu, desibel uku kawai ake ƙarawa a ma'aunin ƙarar sauti, ɗan ƙari ne da kunne yake lura da shi amma ba ya girgiza kowa. Kafin mutum ya ji kamar ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau goma. Ƙara araha gare ta, kowane mai sayar da magani a tasha yana da ita.

Abin da kuɗinka ya saya shi ne rarrabewa. Sa kiɗan kalangu da aka ɗauka da kyau ka rufe ido. A ƙaramar na'ura, dum-dum kawai za ka ji. A kaya masu kyau kana jin lokacin da makaɗi ya matse tsarkiya a hammata muryar gangar ta hau, da lokacin da ya saki ta sauko, kana bambance bugun sandar kiɗi da taɓin yatsa. 'Yan amshi ba sa dunƙulewa su zama murya guda, kana iya cewa wancan na hagu muryarsa ta fi kauri. In ƙira'a ce, kana jin jan numfashin mai karatu kafin ya shiga aya, da yadda ɗakin da aka yi ɗaukar yake mayar da amo. Sannan ga abin da ya fi ba baƙo mamaki: lasifika biyu ne, ɗaya dama ɗaya hagu, amma muryar tana fitowa daga tsakiya, daga wurin da babu komai sai bango. Wani injiniyan Ingila, Alan Blumlein, shi ya yi rajistar wannan dabara tun 1931, kuma har gobe ita ce ginshiƙin duk wannan sha'awa taku. Amma tana da sharaɗi: sai mai sauraro ya zauna a tsakiya, nisansa da kowace lasifika daidai da nisan da ke tsakaninsu.

Nan nake zargin gayyatarka ta lalace. Ban halarta ba, amma bari in yi hasashe, ka gaya mini in na kauce. Ka zaunar da su a doguwar kujera ta gefe. Ka riga ka faɗa musu farashi, don haka sun shigo suna jiran mu'ujizar miliyan uku. Ka sa abin da kai kake so, ba abin da su suka sani ba. Ka murɗa ƙara don ka burge. Sannan ka tsaya a kansu kana kallon fuskokinsu kamar mai jiran sakamakon asibiti. Ko ni aka yi wa haka, "ina bambancin" zan ce don in samu in sha iska.

Akwai kuma batun abin da ka ɗora. Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, yana zubo bayanai kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa. MP3 ɗin da ya fi yawo a wayoyinmu yawanci 128 ne, wani ma ƙasa da haka, kuma kafin ya iso gare ka ya bi ta hannu goma ana matse shi. Da yawa daga tsofaffin waƙoƙinmu ma daga kaset aka kwafo su, kaset ɗin da shi kansa kwafin kwafi ne daga shagon mai rikoda. Kaya masu kyau ba sa rufa wa irin wannan asiri, tona shi suke yi: shuuu ɗin kaset da rawar murya duk sai su fito fili, har a ga kamar ƙaramar rediyo ta fi daɗi. Ga ɗakin shi kansa. Falon zamani na tayil da silin fi'ofi da bango fayau abokin gaban sauti ne. Tsaya a tsakiyarsa ka tafa hannu sau ɗaya. In ka ji wata 'yar ƙara tana bin tafin kamar ƙarfe, to rabin abin da kunnenka yake ji bango ne yake magana. Kafet mai kauri tsakaninka da lasifikun, labule mai nauyi, kantar littattafai, da janye lasifikun daga bango kamar rabin mita zuwa mita, musamman daga kusurwa inda kaurin sauti yake taruwa ya yi gunji, waɗannan za su canza maka sauti fiye da duk abin da dillali zai kawo a jaka.

In za ka sake gayyata, mutum ɗaya za ka kira, ba tawaga ba. Ka ce ya zo da abin da ya haddace tun yana saurayi, ka nemo masa kwafi mafi tsabta da za a samu. Ka ba shi kujerar tsakiya, ka sa ƙara daidai ta hira, ka fita ka haɗo shayi. In ka dawo kada ka tambaye shi komai. Wani zai ce a maimaita masa, wani kuma zai ɗauko zancen siyasa. Na biyun ma ba laifi ya yi ba. Ni nan in ka jera mini turaren dubu biyar da na dubu ɗari, hancina ba zai raba su ba, kuma abokina mai sayar da turare ya daɗe da haƙura da ni.

Yanzu ga inda zan koma bayan abokanka, kuma ka yi haƙuri. Wayoyin dubu ɗari huɗun nan kada ka saya.

A cikin sha'awarku akwai ɓangaren da kunne yake tabbatarwa, akwai kuma wanda ido da farashi suke rayawa. Lasifika da lasifika suna da bambanci na gaske, ana aunawa a gani, ana saurara a ji. Allurar faifai ma haka, ɗaki ma haka. Amma waya aikinta ta kai wuta daga nan zuwa can ba tare da ta rage ta ba, kuma abin da yake hukunta hakan kaurin jan ƙarfen da ke ciki ne da tsawonta. Ga tazarar mita uku ko huɗu ta falo, wayar jan ƙarfe zalla mai kaurin murabba'in milimita 2.5, irin wadda masu wayarin suka sani, ta gama aikin. Ka dai tabbatar jan ƙarfe ne har ciki, ba alminiyon da aka shafa wa ja ba, don wannan ya cika kasuwa.

Mu Hausawa mukan ce gani ya kori ji, to a wannan fage maganar ta tabbata fiye da yadda masu karin maganar suka nufa. Floyd Toole da Sean Olive, masana sauti a kamfanin Harman na Amurka, sun buga wani gwaji a 1994: mutane sun saurari lasifiku suna ganinsu, sannan suka saurari waɗannan dai lasifikun a bayan labule. Makin da suka bayar ya canza. Manya masu sheƙi da tsada sun samu ƙari lokacin da ake ganinsu, kuma ƙwararrun masu sauraro ma ba su tsira ba. A 2007 wasu masu bincike biyu, Meyer da Moran, sun gwada ko mutane za su bambance faifai mai "babban inganci" da sautin da aka mayar matakin CD. An yi gwaji sama da ɗari biyar, amsoshin daidai suka tsaya a kusan rabi, wato daidai da mai cankar ido rufe. A shekarar 2007 ɗin dai James Randi, wani mai rufa-ido da ya shahara wajen tona asirin 'yan damfara, ya sa ladan dala miliyan ɗaya ga wanda zai bambance wasu wayoyin lasifika na dala 7,250 da na talakawa ta kunne kaɗai. An yi ta cacar baki, gwajin bai yiwu ba, kuɗin kuma ba wanda ya ɗauka.

Ba daga littafi kaɗai na san wannan ba. Shekarun baya wani ya sayar mini da wata waya mai kan zinare, na haɗa, na yi mako guda ina gaya wa duk wanda ya shigo cewa sauti ya buɗe, muryoyi sun matso. Ranar da na sunkuya bayan kanta zan share ƙura sai na ga tsohuwar wayata ce a jiki. Ashe tun kwana na biyu ɗana ya cire sabuwar ya kai ɗakinsu ya haɗa wasan kwamfuta. Ban gaya wa kowa ba sai yau.

Kunnen ma da muke taƙama da shi yana tsufa. Yaro mai lafiya yana jin sauti daga girgiza 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, amma saman yana zaizayewa da shekaru, kuma yawancin masu shekarunka ba sa jin abin da ya haura dubu goma sha biyar ko sha shida. Autanka ya fi ka jin abin da dillali yake cewa za ka ji.

In ranka ya ƙi kwanciya, ga hanya mai sauƙi. Ka ce dillali ya bar maka wayoyin kwana biyu. Ka zauna ka juya baya, babban ɗanka ya riƙa canzawa yana rubutawa a takarda, wani lokaci ya canza wani lokaci ya yi kamar ya canza, ba tare da ya yi magana ba. Kada a taɓa maɓallin ƙara, don duk abin da ya ɗan fi ƙara kunne yakan ɗauka ya fi daɗi, kuma masu shago sun san wannan sarai. A yi sau goma. In ka canka tara daidai, da wuya a ce sa'a ce, don mai canka kawai sau ɗaya cikin ɗari yake kaiwa nan, ka saya da albarkata. In dillalin ya ce kayansa ba na gwaji ba ne, ya ba ka amsa ke nan.

Da ni ne da dubu ɗari huɗun nan, wuta zan fara kashe wa. Ka ce amfilifayarka 'yar Japan ce. Juya bayanta yau ka karanta abin da aka rubuta kusa da igiyar wuta. Wutarmu bolt 230 ce. Kayan da aka yi don kasuwar cikin Japan bolt 100 suke ci, na Amurka 120, kuma wasu na hannu daga waɗannan wurare suke zuwa. In akwai taransifoma mai rage wuta a tsakani, ka tabbatar ta fi ƙarfin abin da aka ɗora mata, kuma ka ɗaure filogin yadda yaro ko baƙo ba zai zare ya soka kai tsaye a bango ba, don sau ɗaya ake yin wannan kuskure. Na'urar faifai kuma, in irin wadda injinta yake bin bugun wuta ce kuma an yi ta don Amurka mai bugu 60 a daƙiƙa, a wutarmu mai bugu 50 za ta riƙa juyawa a hankali, mawaƙi ya koma kamar wanda bai karya ba. Sai sitabilaiza ta kirki, da al'adar kashe komai daga soket in an ɗauke wuta, don dawowar NEPA ta fi tafiyarta ɓarna. Ƙaramin janareta ba abokin waɗannan kaya ba ne, inbata kuma a nemi mai tsabtatacciyar wuta, in ba haka ba za ka ji zuuu a lasifika taransifoma kuma ta riƙa zafi. Ga ƙurar hunturu da take shiga ramin faifai ta ci allura, ga zafin bazara da yake lanƙwasa faifan da aka jingine a karkace ko aka bari a mota. Fayafayai a tsaye ake ajiye su, cikin rigarsu, nesa da taga.

Saura kalmar da ta tsaya maka a rai. Almubazzaranci ba a auna shi da yawan kuɗi kawai, ana duba halin mai kashewa da haƙƙoƙin da ke wuyansa. Aya ta 67 a Suratul Furƙan ta yabi waɗanda in sun ciyar ba sa ɓarna ba sa ƙwauro, suna tsayawa tsakani. To ka yi wa kanka tambayoyin da majalisa ba ta da hurumin yi maka. A shekara ukun da kake tarin nan, kuɗin makaranta ya taɓa makara? An rage cefane? Iyaye da 'yan'uwan da suka saba gani daga gare ka sun ga canji? Akwai abin da za a taɓa in ciwo ya faɗo da tsakar dare? In duk ka amsa da kwanciyar rai, to kalmar ba taka ba ce, ka bar ta a inda aka faɗe ta. In akwai wadda ta sa ka yi shiru, ka san inda dubu ɗari huɗun za ta. Hukuncin abin da ake saurara kuwa fage ne na malamai, ka kai wa malaminka, ni ba zan yi maka fatawa a shafin jarida ba. Abin da na sani shi ne maƙwabci yana da haƙƙin barcinsa, kuma kunnenka da na yara suna da iyaka: masana lafiyar ma'aikata sun sa desibel 85 na awa takwas a matsayin iyaka, kuma duk ƙarin desibel uku yana raba lokacin biyu.

Amma ka yi wa wanda ya faɗi kalmar adalci. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira dubu saba'in ne. Miliyan uku albashin mai wannan matsayi ne na fiye da shekara uku da rabi, bai ci ba bai sha ba. Ba ka san wanda ya zo majalisa a daren nan da takardar korar ɗansa daga makaranta a aljihu ba. Mai yiwuwa ba lasifikarka ce ta dame shi ba, jin adadin ne a bainar jama'a a irin wannan lokaci. Kuskurenka na gaskiya a majalisa shi ne faɗin farashi, kuma maganinsa kada ka sake. In an tambaya ka ce, "An dai saya, Allah ya sa albarka." In an ce DJ ka amsa, ka tambayi wanda ya kira ko yana da biki a ba ka kwangila. Sunan da mai shi yake amsawa da dariya ba ya kai wata biyu. Shi kuwa mutumin, in kun haɗu ku biyu, ka tambaye shi gida da yara, ka saurara da kyau.

To, uwargida. Ƙanena, mutum goma a bakin titi sun san abin da ka kashe, matar da ta yi shekara uku tana lallaɓa cefane tare da kai ba ta sani ba. Waɗannan mutum goma kuma suna da mata, matan suna haɗuwa a suna da biki da islamiyya. Labarin yana hanya, sauran kawai wa zai riga isa. In daga bakin wata ta ji, ba kuɗin ne zai yi mata ciwo ba kamar a ce ita ce ta ƙarshen sani a kan abin da ke cikin falonta, wanda take sharewa ƙura kullum. Kuma ina ganin wannan ne ya sa ba'ar abokai take shigarka haka. Wanda ya san lissafinsa a fili yake a gida ba ya neman hujja a waje.

Ka gaya mata cikin makon nan, bayan yara sun kwanta. Ban da doguwar shimfiɗa, ban da lissafin naira ɗari takwas a rana, wannan na majalisa ne. Ka ce, "Kuɗin kayan nan ba yadda na faɗa miki ba ne, ga gaskiyarsa, na ji nauyin faɗa ne, ki yi haƙuri." Ka bar ta ta faɗi abin da ke ranta har ta gama, ko da ya haɗa da injin wankin da ta yi shekara biyu tana ambata kana cewa sai an samu sarari. In akwai irin wannan, ka san abin da zai riga kafet da sitabilaiza shigowa gidan. Bayan kwana biyu, in ƙura ta lafa, ka tambaye ta abin da take son ji, ko karatun da take sa wa da asuba ne a wayarta, ka nemo mata mai tsabta. Ka ba ta kujerar tsakiya, ka je ka haɗo shayin da kanka.